Wayar mashin ta lalace: a duba tagulla kafin a yi ciniki

Daga Katako ta Yamai har kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa, mashinan kuran sun zama hanyar cin abincin jama'a da yawa: na yanka ƙarfe, na huda katako, da injin markaɗen da mata ke layi a gabansa kowace safiya. Abin da ke fara lalacewa a jikinsu shi ne waya. A taka ta, a ja ta, ɓera ya ci, sai a ƙulla a naɗe da leda a ci gaba da aiki. Wannan ƙullin ne ke zafi, shi ke kama hannun yaron shago, shi ke iya tada gobara. Wanda ya ga yadda babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982 ya san wuta ba ta tsayawa a rumfa guda.

To, in za a sayi sabuwa, me za a duba?

Da farko a karanta ƴar takardar da ke manne a jikin mashin, inda aka rubuta ƙarfinsa da harafin W. Kuran ɗinmu volt 220 ne. A raba ƙarfin da 220, sai a samu amper ɗin da mashin ke ja. Mai wat 2000 yana jan kimanin amper 9. Waya mai kaurin 0,75 iyakarta amper 6, mai 1 tana ɗaukar 10, mai 1,5 kuwa 16. Ke nan wayar fanka ko ta rediyo ba ta yi ma wannan mashin. In wayar za ta yi tsawo, a ɗauki mai 2,5, don nisa na rage ƙarfin wuta, mashin ya yi ta gurnani har ya ƙone.

Na biyu, silin da ke ciki. In an ga 3G1,5 a bayan waya, sili uku ne: ruwan ƙasa, shuɗi, da mai kore da rawaya wanda ke kai wuta ƙasa in ta zubo ma gangar mashin. Mashin mai gangar ƙarfe sai da sili ukun nan. Wanda ke da alamar murabba'i cikin murabba'i, sili biyu sun ishe shi. Wayar roba mai rubutun H07RN-F ta fi jure ruwa, mai da jan ƙasa bisa ga H05VV-F ta cikin ɗaki, don haka ita ta dace da wurin markaɗe.

Inda aka fi cutuwa shi ne tagulla. Akwai waya mai kaurin riga, cikinta ƴan zare ƙalilan. Akwai kuma alminiyom da aka shafa ma tagulla. A sa mai kaya ya fere baki, a kankare sili da wuƙa: in ya koma fari, ba tagulla ba ce. A ɗaga ta ma a hannu, ta jabu ba ta da nauyi.

Ku ƴan kasuwa masu saida waya, ku riƙa tambayar mai saye aikin da za ta yi kafin ku auna mishi. Ke kuma mai injin, ki kai ma mai gyaran wuta ya canza wayar gaba ɗaya, kar ya yi mata faci. Bayan an sa, ki taɓa bayanta in injin ya ɗan jima yana aiki. In ta yi zafi, ki kashe, ta yi ma injin ƙanƙanta. Ƴan kuɗin da aka rage wajen saye ba su kai na naɗin mota guda ba, balle na rumfa da kayanta.