Rana Ba Ta Ƙarya: Abubuwan Da Suka Faru Ran 1 Ga Oktoba

'Yan'uwana ɗalibai, in aka tambayi kowane ɗayanmu abin da ya sani game da ran 1 ga watan Oktoba, amsa guda za a ji, watau ranar da Nijeriya ta sami mulkin kai. Wasu kuwa iyakar abin da za su tuna shi ne ranar fareti ce, babu shiga aji, kuma akan yanka sa a kicin. Amma wanda ya buɗe littattafan tarihi zai tarar wannan rana ta tara labaru masu yawa, na mulki da na wasanni da na haihuwar mashahuran mutane. In muka jera su za mu ga sun kasu kashi biyu. Akwai waɗanda mutane suka zauna suka sa musu rana da kansu, akwai kuma waɗanda Allah ya ƙaddara suka faɗo a ranar ba tare da shawarar kowa ba.

Bari mu fara daga gida. Da tsakar daren da ya wayi gari Asabar, 1 ga Oktoba 1960, aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Ikko, aka ɗaga tutarmu mai kore da fari da kore. Wani ɗalibi ne da ke karatu a Landan, mai suna Taiwo Akinkunmi, ya zana ta. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniyar Ingila a wurin bikin, Firayim Minista kuwa shi ne Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda asalinsa malamin makaranta ne a Bauchi. Wannan rana ba faɗowa ta yi daga sama ba. An shafe shekaru ana tarurrukan tsarin mulki a Landan da Ikko, jihar Gabas da ta Yamma suka sami mulkin kansu a 1957, jihar Arewa ta sami nata a 1959 ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, sa'an nan aka kai ga na ƙasa baki ɗaya.

Tun daga nan shugabannin ƙasar nan suka riƙa ajiye manyan al'amura sai wannan rana. Ran 1 ga Oktoba 1963 Nijeriya ta zama Jumhuriya, Sarauniyar Ingila ta daina zama shugabarmu, Dokta Nnamdi Azikiwe ya zama Shugaban Ƙasa. Ran 1 ga Oktoba 1996 kuma Janar Sani Abacha ya ba da sanarwar ƙirƙiro sababbin jihohi shida, watau Zamfara da Gombe da Nasarawa da Ekiti da Ebonyi da Bayelsa, jimlar jihohi ta cika 36. Ashe ke nan mutumin Gusau ko Gombe ko Lafiya biki biyu yake yi a rana guda.

Akwai wani labari na alkawari da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. A jawabinsa na 1 ga Oktoba 1970, watanni kaɗan bayan ƙarewar yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya ce soja za su mayar wa farar hula mulki a 1976. Da 1 ga Oktoba 1974 ta zo, sai ya ce wannan lokaci ba zai yiwu ba. Ba a cika shekara guda ba aka hamɓare gwamnatinsa, ran 29 ga Yuli 1975. Janar Murtala Muhammad da ya gaje shi ya tsaya ran 1 ga Oktoba 1975 ya sa sabuwar rana, ya ce 1 ga Oktoba 1979. Allah bai nufe shi da ganin ranar ba, domin an kashe shi ran 13 ga Fabrairu 1976. Duk da haka Janar Olusegun Obasanjo ya cika alkawarin, ya miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari a daidai ranar da aka faɗa, bayan shekara 13 ana mulkin soja. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Maƙwabtanmu na Kamaru ma suna da rabo a wannan rana. A watan Fabrairu 1961 an yi ƙuri'ar raba gardama a yankin Kamaru da ke hannun Ingila. Mutanen arewacin yankin, su Mubi da Gwoza, suka zaɓi Nijeriya, aka kira ƙasarsu Lardin Sardauna. Mutanen kudu kuwa suka zaɓi Kamaru, suka haɗe da ita ran 1 ga Oktoba 1961. Can gabas mai nisa kuma, ran 1 ga Oktoba 1949 ne Mao Zedong ya tsaya a dandalin Tiananmen na birnin Beijing ya ba da sanarwar kafa Jumhuriyar Jama'ar Sin, don haka mu da Sinawa rana guda muke bikin ƙasa. A Japan kuwa, ran 1 ga Oktoba 1964 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa mai tsananin gudu tsakanin Tokyo da Osaka, tafiyar kilomita 515, jirgin yana gudun fiye da kilomita 200 cikin awa ɗaya. A lokacin shekara 19 kacal ke nan da aka ragargaza ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu.

To, mu juya ga wasanni. A ranar da Murtala ya yi jawabin da na ambata, watau 1 ga Oktoba 1975, a ranar ce aka yi wani dambe da har yau ake labarinsa, tsakanin Muhammad Ali da Joe Frazier, a Manila ta ƙasar Filifin. Karo na uku ke nan da suka haɗu. Frazier ya ci na farko a 1971, Ali ya rama a 1974, saboda haka wannan shi ne na raba gardama. An sa damben da hantsi domin mutanen Amurka su kalla a talabijin da daddare, ga zauren kuwa ya yi zafi kamar tanda. Turmi 15 aka shirya za su yi. Suka yi ta kirɓar juna har turmi 14, idanun Frazier suka kumbura har ba ya ganin naushi in ya taho. Nan mai horar da shi, Eddie Futch, ya hana shi tashi turmi na ƙarshe, ko da yake shi Frazier yana so ya ci gaba. Ali ya yi nasara, amma daga baya ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa matsawa kusa da mutuwa kamar wannan rana ba. A ganina Futch ma ya cancanci yabo, domin ya fifita lafiyar yaronsa a kan kambu.

Bayan shekara biyu cif, ran 1 ga Oktoba 1977, sarkin ƙwallon ƙafa Pele na ƙasar Barazil ya buga wasansa na ban kwana kusa da birnin New York, a gaban 'yan kallo fiye da 70,000. An haɗa ƙungiyoyi biyu da ya yi wa wasa a rayuwarsa, watau Cosmos ta Amurka da Santos ta Barazil. Kafin hutun rabin lokaci ya buga wa Cosmos, har ya jefa ƙwallo da bugun tazara, bayan hutu kuma ya sa rigar Santos. Cosmos ta ci biyu da ɗaya. Muhammad Ali da kansa yana filin a ranar. Shi Pele ɗan talakawa ne, yana yaro har goge takalma ya yi, amma ya ɗauki Kofin Duniya sau uku, a 1958 da 1962 da 1970. Har ila yau, ran 1 ga Oktoba 2000, ranar rufe wasannin Olamfik na birnin Sydney a Ostareliya, 'yan Afirka suka kwashe dukkan lambobi uku na gudun famfalaki na kilomita 42. Gezahegne Abera na Habasha ya zo na ɗaya, Eric Wainaina na Kenya na biyu, Tesfaye Tola na Habasha na uku.

Duk waɗannan da na lissafa mutane ne suka sa musu rana. Saura kashi na biyu, watau haihuwa, wadda babu mai zaɓar ranarta.

Ran 1 ga Oktoba 1924 aka haifi Jimmy Carter a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Plains a jihar Jojiya ta Amurka. Manomin gyaɗa ne kafin ya zama shugaban Amurka daga 1977 zuwa 1981, kuma ya kawo ziyara Ikko a 1978. Amma abin da ya fi shafarmu shi ne aikin da ya yi bayan ya sauka, na yaƙi da ciwon kurkunu. Wannan ciwo daga ruwan tafki ake ɗaukarsa. Mutum zai sha ruwa mai ɗauke da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari waɗanda ƙwayar tsutsar ke cikinsu, bayan kamar shekara guda sai tsutsa mai tsawon kusan mita ɗaya ta huda fata ta fito, galibi a ƙafa. Ta kan kwantar da manomi makonni, sau da yawa ma a tsakiyar aikin gona. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Daga cikin dabarun akwai tace ruwan sha da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da hana mai ciwon tsoma ƙafa cikin tafki. A 1986, lokacin da cibiyar Carter ta shiga aikin, an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa kowace shekara. A Nijeriya kaɗai an ƙirga fiye da 650,000 wajen 1988. Janar Gowon, wanda muka ambata ɗazu, ya shiga wannan yaƙi, ya yi ta zaga ƙauyuka yana faɗakar da jama'a. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu sauran kurkunu a Nijeriya da Nijar, kuma a 2024 waɗanda suka kamu a duk duniya ba su kai 20 ba. Carter ya cika shekara 100 ran 1 ga Oktoba 2024, ya rasu ran 29 ga Disamba na shekarar. Abin mamaki, Pele ma ran 29 ga Disamba ya rasu, a 2022.

Ran 1 ga Oktoba 1959 aka haifi mawaƙi Youssou N'Dour a Dakar, wanda ya kai kiɗan Sanigal ko'ina cikin duniya, har ya riƙe muƙamin minista a ƙasarsu a 2012. Ran 1 ga Oktoba 1966 kuma aka haifi George Weah a Monrobiya ta ƙasar Laberiya. A unguwar matalauta ya tashi, a hannun kakarsa. Ya buga ƙwallo a Kamaru, daga nan ya wuce Monaco a 1988, sai Paris, sai AC Milan ta Italiya. A 1995 ya zama ɗan Afirka na farko da aka ba kyautar Ballon d'Or ta gwarzon ɗan ƙwallo. Da ya nemi shugabancin ƙasarsu a 2005, abokan hamayya suka yi ta yi masa gorin ƙarancin ilmi, kuma ya faɗi zaɓen. Maimakon ya yi zuciya sai ya koma makaranta da girmansa, ya sami digiri a Amurka a 2011. Ya ci zaɓe a 2017, ya yi mulki daga 2018 zuwa 2024, da aka kayar da shi kuma ya amince da sakamakon tun kafin a gama ƙirga. Duk ɗalibin da ke ganin ƙwallo ta ishe shi, ba ya bukatar littafi, to ya dubi Weah.

Wani zai ce lalle akwai wani sirri a wannan rana, tun da ta tara manyan mutane haka. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Kwanakin shekara 365 ne kawai, mutanen duniya kuwa sun haura biliyan 8, saboda haka kowace rana akwai fiye da mutum miliyan 20 da ke cika shekara a cikinta. Masana lissafi sun nuna cewa in aka tara mutum 23 a ɗaki guda, yiwuwar a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi. Kowa na iya gwadawa a ajinsu. Daɗin daɗawa, haɗuwar ranaku ta danganta ne ga kalandar da mutum ke bi. Ranar da muka sami mulkin kai ta faɗo cikin watan Rabi'us Sani na shekarar 1380 bayan Hijira, kuma da yake shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kwana 11 ko kusa da haka, in da lissafin wata muka bi da waɗannan labaru duk sun warwatse cikin watanni dabam-dabam. Ko damben Manila ma, a Amurka daren 30 ga Satumba aka gan shi, a nan ƙasar kuwa ana yinsa kafin kiran asalatu.

Abin da ya haɗa waɗannan labaru dai shi ne aikin da aka yi kafin ranar ta zo, ko bayan ta wuce. Miliyoyin jarirai aka haifa ran 1 ga Oktoba, amma Carter muke tunawa saboda ƙauyukan da suka huta da kurkunu. Gowon ya sa rana bai cika ba, Murtala ya sa rana wani ya cika masa, kuma tarihi ya rubuta wa kowa nasa. Mu ma an sa mana rana, ita ce ta jarrabawar fita, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. In mun jeru a filin fareti bana, mu tuna malamin makaranta ne ya karɓi mulkin ƙasar nan a 1960, malamin makaranta ne kuma ya karɓe shi a 1979, tutar da muke sara wa kuwa ɗalibi ne ya zana ta.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu ilmi mai amfani, amin.