Haƙori Ba Ya Yawo Ɗaki-Ɗaki

Da magariba yaro yana ta wasansa, ya ci tuwo ya ƙoshi. Can tsakar dare sai amai, kamar an tuntsurar da ƙwarya. Kafin asuba zawo ya biyo baya, ruwa tsululu. Kaka ta leƙo ta ce, "Haƙori ne, ki ƙyale shi." Jibi sai yayarsa, wadda ta gama haƙori tun tuni, ta kwanta da irin ciwon. Gata kuma uwar.

Sau da yawa mai wannan aika-aika ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira norobairos. Ta samo sunanta daga garin Norwalk na jihar Ohio a Amurka, inda ta kwantar da 'yan wata firamare a 1968. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa a duk shekara tana kama yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 200 a duniya, wajen 50,000 kuma su rasu, galibinsu a ƙasashe masu tasowa irin namu.

Wata uwar za ta ce ai an ɗiga wa ɗanta rigakafin zawo a asibiti. Gaskiyarta, amma wancan na wata ƙwayar daban ne mai suna rotabairos, wanda Najeriya ta sa cikin rigakafin yara a 2022. Ita norobairos har yau ba ta da rigakafi, ba ta kuma da magani. Filajin ɗin da ake rugawa kemis a saya, asarar kuɗi ce kawai. Ciwon kan wuce da kansa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki.

A nan ake yin kuskuren da ya fi ba ni tsoro. Uwa ta ba da ruwa, yaro ya amayar, sai ta ce bari cikin ya huta. Kada ki bari. Ki jira minti 10, ki ɗauko ruwan gishiri da sukari, ki riƙa ba shi cokali-cokali, ko da za ki kwana a zaune. Na ƙulli da ake samu a asibiti ya fi. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. Nono kuwa kada a tsayar. A nemi ƙwayar zinki a ba shi kwana 10 zuwa 14.

In maɗiga ta faɗa, idanu suka zurma, fitsari ya ɗauke, ko ya kasa shan komai, ko aka ga jini a kashinsa, asibiti za a nufa ko ƙarfe nawa ne.

Sai maganar hannu. Ƙwayar tana cikin aman da kashin, 'yar kaɗan ta isa ta kwantar da mutum. Ɗauraye hannu da buta bayan an wanke wa yaro bai wadatar ba, man goge hannu da aka saba da shi lokacin korona ma bai cika kashe ta ba. Sai sabulu da ruwa, a cuɗa sosai. Fo da wurin da aka yi aman a wanke su da ruwan bilic. Wadda ta kamu kuwa ta bar wa wata girki, sai ta kwana biyu da warkewa.