GYARAN DAƁEN TSOHON JIRGIN SU NA ALMINIYAM

Ɗan uwa masunci, ko kana su a tabkin Madarumfa, ko a Tabalak, ko a kogi wajen Gaya, in kana da tsohon jirgin alminiyam, ka duba ƙarƙashin katakon da kake takawa. Alminiyam ba ya tsatsa, shi ya sa mutane ke cewa ba ya mutuwa. Amma idan ya daɗe cikin danshi haɗe da baƙin ƙarfe, ko jan ƙarfe, ko dalma, sai ya soma cinyewa. Za ka ga farin gari kamar gishiri, ƙarƙashinsa kuma ƴan ramu. Ƙugiya guda da ta faɗa ƙarƙashin katako tana iya fara wannan ɓarna.

Ka fid da jirgin bisa tudu, ka cire ruɓaɓɓen katakon duka, har da tsofaffin ƙusoshi. Ka kwashe laka da ƙugiyoyi da dalmar taru. Ka wanke da sabulu da ruwa. Kada ka sa soda ko ruwan toka, suna cin alminiyam.

Yanzu sai neman yoyo. Ka aza jirgin bisa itace ko tsofaffin tayoyi, ka zuba ruwa ciki, tsawon ɗan yatsa kawai. Kada ka cika shi: lita guda kilo guda ce, nauyin zai lanƙwasa gindin. Ka leƙa daga ƙasa, duk inda ka ga ɗigo ka yi masa alama da gawayi. Galibi ƙusoshin ribe ne suka saki, wato waɗanda suka haɗa fallayen jirgin. Gyaransu aikin mutum biyu ne: ɗaya ya danne kan ƙusar da babbar guduma, ɗaya ya bubbuga ta ɗaya gefen da ƙarama. Sannu-sannu, ba sara ba ne! Wadda ta ƙi kamawa a cire ta, a sa sabuwa ta alminiyam. Rami kuwa, a yanko fallen alminiyam da ya fi shi faɗi, a shafa danƙon toshe yoyo tsakani, a ɗaure da ribe. Ni ba na son a kai wa mai waldar ƙofofi. Fallen siriri ne, kayansa kuma na baƙin ƙarfe ne, sai ya ƙara maka rami.

Sabon daɓe na son busasshen katako, kaurin santimeta 2 ya isa, don nauyin da ka ƙara kifi ne ka rage. Ka guji katakon nan mai kore-kore da aka jiƙa da maganin gara, akwai jan ƙarfe cikin maganin. Ka shafe kowane katako da fenti ciki da baya, har bakin da aka yanka, ya bushe sarai. Jan fentin miniyom kada ya taɓa jirgin, dalma gare shi.

Katakon ya zauna bisa haƙarƙarin jirgi, kada ka huda gindin don kafa shi. Ka yanka robar cikin taya ka shimfiɗa tsakaninsu. Ka bar faɗin yatsa tsakanin katako da katako, ruwa ya samu hanyar gangarawa baya, can kuma ka bar wurin sa ƙwarya don kwalfewa. Mafi kyau, ka haɗa daɓen kashi biyu ko uku da mutum ɗaya ke iya ɗagawa. Ran da ba ka fita su ba, sai ka ɗaga, ka share, rana ta busar.