Teku a Falo, Wuta a Hannun NEPA

Duk wanda ya taɓa biyawa ta Jidda bayan Umara ya leƙa gidan kifin Fakieh da ke bakin Bahar Maliya, ko ya tsaya gaban ƙaton gilashin nan na Dubai Mall, ya san irin sha'awar da ake dawowa gida da ita. Kifaye ne masu launi kamar an zana su da hannu, suna shawagi a tsakanin rassan murjani. To, ga shi zamani ya kawo mu inda mai hali a Tunga ko Bosso, nan Minna, zai iya cewa shi ma yana son ɗan guntun tekun a falonsa. Abin mai yiwuwa ne, amma ba daga kifi ake farawa ba, kuma ba daga gilashi ba. Daga ƙasa ake farawa, wurin da baƙo ba ya gani: teburin da zai ɗauki akwatin da bututun da za su zagaya da ruwan.

Mu dai mun fi sanin murjani a wuyan amare, wato jan nan da fatake suka riƙa kawowa daga Bahar Rum ta hanyar Sahara. Kafin a mai da shi tsakiya, dabba ne mai rai. Irin wanda ake kiwo a akwati yana ɗauke da wasu ƙananan halittu dangin gansakuka a cikin naman jikinsa, su ke haɗa masa abinci da haske. Yana son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, mai gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma ruwan kada ya tsaya cak. In zafi ya wuce ƙima sai ya kori waɗannan halittu, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Haka ta faru a manyan tekuna a 1998, ta sake faruwa a gaɓar Ostareliya a 2016. Gaɓar tekunmu kuwa ba ta da irin wannan dajin murjani, domin Kwara da sauran koguna suna kwarara mata ruwan daɗi da laka. Saboda haka duk abin da za a saka a akwatin daga waje zai zo, daga Indonesiya ko Kenya ko makamantansu, ya sauka Legas, ya sha hanya kafin ya iso Minna. Masu tauri daga cikin murjanin ma sai da takardar izini ta yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke ciki. Abu mai tsada da rauni irin wannan ba a ɗora shi a kan teburin da aka haɗa da ka.

Akasarin bayanan da mutum zai samu a littattafai da bidiyo an yi su ne a ƙasashen da ɗauke wuta labari ne na shekara. Mu kuwa, duk da cewa madatsar ruwan Kainji da ke jiharmu tana ba da wuta tun 1968, Shiroro tun 1990, ga Zungeru ta biyo baya, kowa ya san yadda ake ciki. Don haka ma'aunin da nake ganin ya kamata a auna kowane sashe na aikin da shi guda ɗaya ne: me zai faru a daƙiƙar da aka ɗauke wuta ba kowa a gida, me kuma zai faru a daƙiƙar da aka dawo da ita?

Mu ɗauki akwati matsakaici, tsawo santimita 120, faɗi 50, zurfi 50. Wannan lita 300 ke nan, kuma ruwan gishiri ya ɗan fi na daɗi nauyi, zai haura kilo 305. Gilashin kansa, in mai kaurin milimita 12 ne, ya kusa kilo 70. Ƙara duwatsu da yashi, ƙara tankin ƙasa da zai zauna a cikin teburin da ruwansa, sai ka ga lissafi ya doshi rabin tan, kuma zai zauna a wuri ɗaya shekara da shekaru. A ɗakin ƙasa mai daɓen siminti babu damuwa. A bene sai a jingina shi kusa da bango mai ɗaukar nauyi, kuma a tuntuɓi wanda ya san ginin.

Kafinta ko mai walda? Kowanne da ribarsa da aibinsa. Ƙarfe mai kusurwa huɗu na milimita 40 ko 50, mai kauri, yana ba da ƙarfi kuma yana barin fili a ƙasa. Sai dai gishiri abokin gabar ƙarfe ne, kuma tururin da ke tashi daga tankin ƙasa ya isa ya sa tsatsa ta ci shi daga wuraren walda. In za a yi da ƙarfe, a goge waldar sosai, a toshe bakin kowane bututu, a shafa jan fenti na hana tsatsa, sannan a bi da fentin efoksi. Katako ba ya tsatsa, amma yana da nasa maƙiyan, gara da danshi. Madaci ko loko da ya bushe sosai shi ne zaɓi. Katakon da aka yanko jiya aka kawo kasuwa yau zai murɗe da zarar hunturu ya busa, kuma murɗewar milimita kaɗan ta isa ta fasa gilashin da ruwa ya danne. Allon nan na garin katako da ake yin kabad da shi kuwa kada a kusance shi, ruwa na taɓa shi zai kumbura ya ruguje.

Akwai abu ɗaya da za a tsaya a kan kafinta har sai ya yi shi daidai. Katakon sama ya hau kan ƙafa kai tsaye, nauyi ya bi ta katako zuwa katako har ƙasa. Abin da aka saba shi ne a manna katakon a gefen ƙafa a buga ƙusa, to a nan ƙusa ce ke ɗauke da rabin tan, kuma ba aikinta ba ne. A rufe baya da gefe da falankin filawud mai jure ruwa domin kada teburin ya karkace gefe, wanda shi ne yadda yawancinsu ke faɗuwa. Saman ya zama shimfiɗe ƙwarai, a gwada da ma'aunin magina ta tsawo da ta faɗi da ta kusurwa, domin tayil ɗin gidajenmu ba kasafai yake daidai ba. Tsayi kuma a bar aƙalla santimita 80 zuwa 90, ƙofa ta yi faɗin da za a iya zaro tankin ƙasa ba tare da an sauke na sama ba. Mutane da yawa sai bayan an cika ruwa suke tuna wannan.

Shi wannan tankin ƙasa shi ne cikin akwatin. Ruwa yana malala daga sama ta wani shinge, ya gangaro ta bututu, ya bi ta matata da na'urar da ke fitar da datti a cikin kumfa, sannan ɗan injin da ke nutse a ruwa ya mayar da shi sama. Ya wadatar injin ya zagaya da ruwan akwatin sau 3 zuwa 5 a awa. Motsin da murjani ke buƙata wasu ƙananan fankokin cikin ruwa ne ke bayar da shi.

Yanzu a ɗauke wuta. Injin ya tsaya, amma ruwa bai tsaya ba. Wanda ya haura shingen zai ci gaba da gangarowa, kuma bututun da ke kai ruwa sama zai juya ya riƙa zuƙo shi ƙasa, kamar yadda direba ke zuƙo fetur da tiyo, har sai bakinsa ya sha iska. A akwatin da muka ɗauka, kowane santimita ɗaya na zurfin ruwa lita 6 ne. In bakin bututun ya nutse santimita 10, lita 60 za su sauko. In tankin ƙasa ba shi da wannan fili, a kan kafet za su ƙare, kusa da soket. Maganin ba ya cin kuɗi. A ajiye bakin bututun kusa da saman ruwa, santimita 2 ko 3, a huda ɗan rami a jikinsa dab da saman ruwan don ya sha iska da wuri, sannan a bar fili a tankin ƙasa wanda ya fi abin da lissafi ya nuna. Za a ce maka a sa bawul mai hana ruwa komawa baya. Ni ban yarda a dogara da shi ba, domin ƙwayar yashi ɗaya ko ɗan dodon koɗi ya isa ya hana shi rufewa, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ka buƙace shi.

A dawo da wuta kuma. Injin ya tashi da ƙarfinsa, in bututun saukar ruwa ya toshe ko ya kasa kamawa, akwatin sama ne zai yi ambaliya. Shi ya sa bututu ɗaya ba ya isa. Tsarin da masu wannan sha'awa ke kira Herbie bututu biyu ne, ɗaya na aiki mai bawul da ake daidaitawa har ƙarar ruwa ta ɗauke, ɗaya kuma ya ɗan fi shi tsayi, a bushe, yana jiran ranar tsautsayi. Wanda ake kira Bean Animal uku ne. A garin da wuta ke zuwa ta koma sau da yawa a rana, ina ganin ramin na uku bai yi yawa ba. A kuma ƙuntata ɗakin da injin ke zaune a tankin ƙasa, yadda ko duk ruwan da ke cikinsa ya hau sama ba zai cika akwatin ya zuba ba.

Ramukan kansu a bai wa mai yankan gilashi ya huda da haƙorin daimon yana zuba ruwa, tun kafin a haɗa akwatin. Gilashin da aka gasa don ya yi ƙarfi ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi. Silikon ɗin haɗawa kuma ya zama wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, na banɗaki guba ne ga kifi.

Wurin sayen kayan famfo, ko a kasuwar Kure ko a shagunan bakin titi, doka ɗaya ce: kada ƙarfe ya taɓa ruwan. Mai aikin famfo zai miƙo maka bawul na tagulla yana cewa ya fi ƙarko, kuma a aikin gida gaskiya ya faɗa. A nan kuwa jan ƙarfen da ke cikinsa, ko ɗan kaɗan ne ya narke, yana kashe murjani da jatan lande. Komai na roba, fayif ɗin PVC mai kauri na ruwan sha, da gam ɗinsa. A sa mahaɗi mai kwancewa kafin injin da bayan kowane bawul, don ranar wanki ba sai an yanka fayif ba. A rage kwanoni, kowace kwana tana cinye ƙarfin injin. A kuma ɗaure bututun a jikin teburi, kada nauyinsu ya rataya a gilashi.

Sauran magana ta ruwa ce da zafi. Ruwan famfo daga Chanchaga yana da kulorin, na rijiyar burtsatse kuma ba a san abin da ya kwaso daga ƙasa ba. Ana buƙatar matatar RO, irin wadda masu ruwan leda ke amfani da babbarta. Gishirin miya ba ya yi, domin babu sinadaran kalsiyam da magniziyam da murjani ke gina ƙashinsa da su, sai gishirin da aka haɗa musamman irin su Instant Ocean ko Red Sea. Da hunturu ruwa zai riƙa ƙafewa lita biyu ko uku ko fiye a rana, gishiri kuwa yana nan, saboda haka da ruwan daɗi ake cikawa. A ware wa jarkarsa wuri a cikin teburin tun wurin zane. Watan Maris da Afrilu kuma, lokacin da zafin Minna ke dosar digiri 40, akwatin da ba shi da na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai AC ba zai kai damina ba. Na'urar a waje da teburin za a ajiye ta, don zafi take fitarwa, kuma a bar mata reshen bututu tun farko.

Duk waɗannan wuta suke ci, kuma akwatin da ruwansa ya tsaya na 'yan awoyi iskarsa ƙarewa take yi. Janareta sai da mai tayar da shi. Inbata da batir, da sola in da hali, su ne za su riƙe injin da fanka ɗaya har a dawo. Soket-soket a ɗaga su sama, nesa da tankin ƙasa, a bar kowace waya ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket don ɗigon ruwa ya faɗi a hanya, a sa na'urar da ke yanke wuta in ta zurara, a kuma tabbatar gidan yana da wayar ƙasa ta gaske. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da na daɗi nesa ba kusa ba, kuma hannunka zai riƙa shiga cikinsa kullum.

Wanda ya karanta ya ga abin ya fi ƙarfin aljihunsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwatin ruwan daɗi ya fi sauƙi ƙwarai, kuma a nan muna da masana a kusa, a sashen kiwon kifi na FUT Minna da cibiyar binciken kifi ta New Bussa. Wannan teburin da wannan tsarin bututun za su yi masa aiki, in ya ga dama daga baya ya koma na gishiri.

Wanda kuma ya ƙudura, in an gama haɗawa ya cika komai da ruwan famfo zalla, ya shimfiɗa jarida a ƙarƙashin kowane mahaɗi don ta tona ɗigo, ya bar shi yana zagayawa kwana biyu ko uku. Sannan ya kashe wutar da hannunsa, ya tsaya ya ga inda ruwa zai tsaya a tankin ƙasa, ya ja layi a wurin. Ya kunna, ya toshe bututun aiki da gangan ya ga ko na tsautsayi zai ɗauke ruwan shi kaɗai. Ya maimaita har sai ya gamsu. Bayan nan ne za a zubar da ruwan gwaji, a haɗa na gishiri, a saka duwatsu, a jira mako 4 zuwa 6 ƙwayoyin da ke narkar da kashin kifi su kafu, kafin a aika Legas a ce a turo na farko.