Motar lantarki da taswirar waya: Abin da direba ya kamata ya sani kafin doguwar tafiya

Tun bayan da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hankalin masu ababen hawa a biranen Najeriya ya fara karkata ga motocin da ke aiki da lantarki.

Da yawa daga cikin waɗanda suka saya sun ci gaba da abin da suka saba yi a motar fetur, wato su buɗe Google Maps ko Waze a waya, su bi muryar da ke nuna musu hanya.

A cikin gari wannan ba ya jawo wata matsala. A doguwar tafiya kuwa yana iya sa mutum ya kwana a gefen titi, domin manhajar da ke cikin waya ta san hanya, amma galibi ba ta san halin da batirin motar yake ciki ba.

Hanyoyi uku na samun jagora

Ta farko ita ce taswirar da kamfanin da ya ƙera motar ya sanya a allonta. Wannan tana haɗe da kwamfutar motar, saboda haka tana ganin yawan cajin da ya rage da zafin batir da irin tuƙin direba.

Ta biyu ita ce a haɗa waya da allon mota ta Apple CarPlay, wanda ya fito a 2014, ko Android Auto, wanda ya biyo baya a 2015. A nan allon mota madubi ne kawai, ainihin aikin a cikin waya ake yin sa.

Ta uku ita ce a maƙala wayar a gaban mota, ba tare da wata alaƙa tsakaninta da motar ba.

Akwai motocin da suka haɗa ta farko da ta biyu. Polestar 2, wadda ta shiga kasuwa a 2020, ta zo da Google Maps a cikin tsarinta, don haka taswirar tana karanta batir kai-tsaye. Haka kuma wasu motoci ƙalilan, irin su Ford Mustang Mach-E da Porsche Taycan, suna bai wa taswirar Apple bayanin cajinsu. Yawancin motoci ba su da wannan gatan.

Abin da waya ba ta gani

Nisan da motar lantarki za ta ci kafin caji ya ƙare ba tsayayyen adadi ba ne. Gudu shi ne babban mai cin batir, domin ƙarfin iskar da ke tare mota yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu. Hawan tudu da nauyin kaya da na'urar sanyaya mota duk suna ƙara nasu.

Misali, motar da batirinta ke ɗaukar kilowat-awa 60, idan tana cin 15 a kowane kilomita 100, za ta yi kilomita 400. Idan gudu da zafi suka kai cin zuwa 20, tafiyar ta koma kilomita 300.

Titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano yana da tsawon kusan kilomita 375. A lissafin farko direba zai isa da ƙyar, a na biyu kuma motar za ta tsaya saura kilomita 75. Manhajar waya za ta nuna hanya ɗaya da lokacin isa ɗaya a duka halayen biyu.

Mai zuwa Jos daga Abuja kuma yana hawa ne daga ƙasa mai tsayin kusan mita 500 zuwa tudu mai kusan mita 1,200. Motar za ta ci caji da yawa a tafiya, ta maido da wani ɓangare a dawowa, saboda injinta yana mayar da lantarki cikin batir yayin gangara da taka birki. Taswirar mota mai kyau tana sa wannan a lissafinta.

Shirya batir kafin caji

Batirin lithium yana karɓar caji cikin sauri ne idan zafinsa yana tsaka-tsaki. Idan ya yi sanyi ko ya yi zafi fiye da kima, kwamfutar motar takan rage ƙarfin lantarkin da ke shiga domin kare shi daga lalacewa.

Shi ya sa motoci da dama suke fara ɗumama batir ko sanyaya shi tun kafin a isa tashar caji mai sauri. Tesla ta shigo da wannan tsari a motocinta a 2019, Hyundai da Kia ma suna da irinsa. Sai dai a motoci da yawa aikin ba ya farawa sai an zaɓi tashar cajin a taswirar motar kanta. Direban da ya bi waya zai isa tashar lafiya, amma motar ba ta san caji aka zo yi ba, sai ya daɗe yana jira.

Wannan ya fi damun mutanen ƙasashe masu ƙanƙara. A Arewacin Najeriya, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, abin lura shi ne zafin da batir ke ɗauka bayan doguwar tafiya da rana tsaka.

Me ya sa ake guje wa taswirar mota?

Direbobi suna da hujjarsu. Waze, wadda aka ƙirƙiro a Isra'ila kuma Google ta saye ta a 2013, tana dogara ne da rahoton masu tuƙi game da cunkoso da hatsari da rufe hanya. Google Maps kuma ta san shaguna da ofisoshi da sababbin unguwanni fiye da yawancin taswirorin kamfanonin mota.

Ga mai mota a Najeriya akwai ƙarin dalili. Motocin da ake shigowa da su an ƙera su ne domin wasu kasuwanni. Wadda aka yi don kasuwar cikin gida ta China takan zo da taswirar Amap ko Baidu, waɗanda aka gina domin titunan can, kuma ba ta zuwa da manhajojin Google. Wadda ta fito daga Amurka ko Turai ita ma taswirarta ta yankinta ce. Ga mai irin wannan mota, waya ce kaɗai jagora.

Su kansu kamfanonin ba bakinsu ɗaya ba. Tesla da Rivian sun shafe shekaru suna sayar da motoci ba tare da CarPlay ko Android Auto ba. A watan Maris na 2023 General Motors ta sanar da cewa za ta cire su daga sababbin motocinta na lantarki, farawa da Chevrolet Blazer EV, matakin da ya fusata masu saye da dama. Saboda haka duk mai niyyar sayen mota ya tambayi dillali wannan batu kafin ya biya kuɗi.

Manhajojin da aka yi don motar lantarki

A Better Routeplanner, wadda wani kamfanin Sweden ya ƙirƙira kuma Rivian ta saya a 2023, tana tambayar samfurin mota da yawan cajin da aka tashi da shi, sannan ta ƙiyasta abin da zai rage a kowane zango. Ana iya haɗa ta da motar ta wata ƙaramar na'ura da ake soka wa a ramin OBD, wanda makanikai ke amfani da shi wajen binciken lafiyar mota, sai ta riƙa ganin batir kai-tsaye.

PlugShare kuma kundin tashoshin caji ce, inda direbobi ke rubuta abin da suka tarar.

Dukansu suna bari a tace tashoshi bisa irin filogi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Motocin Turai suna amfani da CCS2, na China GB/T, na Amurka CCS1 ko filogin Tesla, tsofaffin Nissan Leaf kuma CHAdeMO. Duk waɗannan suna iya haɗuwa a titi ɗaya a Legas ko Abuja, kuma filogin wata ba ya shiga wata sai da mahaɗi na musamman.

Matambayi ba ya ɓata

Tashoshin caji a Najeriya har yanzu kaɗan ne. Hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ta buɗe tashoshin gwaji masu aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Legas a 2021, kamfanoni masu zaman kansu kuma sun kafa nasu, akasari a Legas da Abuja. Alamar tasha a taswira ba ta nuna ko akwai wuta a wannan rana, ko na'urar tana aiki. Kiran waya kafin a tashi ya fi kowace manhaja tabbas.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba aiki. A tsara tafiyar tun daga gida da manhajar da ta san motar, a bi waya domin cunkoso da lunguna, sannan idan taswirar motar tana aiki a ƙasar, a sa mata tashar cajin da za a tsaya.

Ya kamata a sauke taswirar yankin a Google Maps tun ana da intanet, domin akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa. A bar rarar caji ta kashi 20 cikin 100 ko fiye a lissafin isa, kuma a tuna cewa saurin caji yana raguwa bayan ya kai kashi 80.

Wayar kuma a maƙala ta inda rana ba ta dukanta, don zafi yana sa ta ɗauke aiki, a kuma saita hanya kafin a tayar da mota. Latsa waya ana tuƙi laifi ne da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke cin tara a kansa.