Kwaɗon Kolombiya da kwaɗin tur'armu

Wata Lahadi cikin damina na shiga makaranta a nan Makwar, na tarar da 'yan aji biyar sun yi da'ira a bayan randunan ruwa, kowa da dutse a hannu. Kwaɗo suka rutsa. Na ce me ya yi muku? Ɗayansu ya ce, "Ustaz, dafi gare shi. Karenmu ya cafki irinsa jiya, bakinsa ya yi ta kumfa."

Yaron bai yi ƙarya ba. Kwaɗon nan mai kaushin baya da ke kwana gindin randa yana da ƙulli biyu a bayan idanunsa, in an matsa masa sai su fitar da farin ruwa mai ɗaci, wanda ke iya taɓa zuciyar dabbar da ta haɗiye shi. Amma ba ya sara, ba ya harbi. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu kafin ya kai ido ko baki, shi ke nan. Na ce su ajiye duwatsun, yau zan ba su labarin kwaɗon da ya isa a ji tsoronsa.

Yana can Kolombiya, a Kudancin Amurka, cikin dajin jihar Kauka da ke gaɓar tekun Fasifik, inda ruwan sama kusan ba ya ɗaukewa. Tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, launinsa rawaya kamar ƙwaiduwa. Masana sun bayyana shi a rubuce a 1978, suka raɗa masa Phyllobates terribilis, wato abin tsoro. Mutanen Embera kuwa sun san shi tun kaka da kakanni. Maharbanmu na dā daga tsiron kwankwani suke haɗa dafin kibiya. Su Embera sai su goga tsinin 'yar kibiyarsu a bayan kwaɗon yana raye, su sake shi, su hura ta cikin dogon bututu. Ana ƙiyasta dafin kwaɗo ɗaya zai iya kashe mutum goma. Yadda yake aiki shi ne, jijiyoyin jiki suna da 'yan ƙofofi da ke buɗewa su rufe don saƙo ya wuce, dafin sai ya buɗe su ya hana su rufuwa, tsoka ta sandare, zuciya ta tsaya. Shi ya sa ba ya ɓuya, da rana tsaka yake yawonsa, launin nan nasa gargaɗi ne. Kuma uban ne ke goya 'ya'yan a baya in sun ƙyanƙyashe, ya kai su inda ruwa yake. Nan 'yan matan ajin suka yi shewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani ne daban. In aka haifi kwaɗon a gidan namun daji a Turai, ana ba shi ƙudaje, ba ya da dafi ko kaɗan. Daga abincin daji yake tara shi. A 2004 an gano irin dafin a jikin wasu ƙananan ƙwari a tsibirin Niugini, tun kafin nan kuma an same shi a jikin tsuntsayen da ke cin su, don haka masana ke kyautata zaton na Kolombiya ma daga irin ƙwarin nan yake samu. Makaminsa duka aro ne daga dajin. Dajin kuma ana sarewa, ana haƙar zinari a kogunansa, an yi feshin gonakin koka, ga masu fasa-ƙwaurinsa zuwa ƙasashen waje. Yana cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, kuma a 2012 ƙungiyar ProAves ta keɓe masa ɗan yankin daji. Binciken duniya na 2023 ya nuna kashi 41 cikin ɗari na dangin kwaɗi suna cikin haɗari.

To, mu fa? Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, da ita kuma yake ɗan numfashi, saboda haka duk abin da aka zuba a ruwa shi ke fara ɗanɗanawa. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwan Bahar Azrak ya bi tur'o'i ya shiga Jazira, kwaɗi suka samu gida, kakanninmu suka samu aikin auduga. Daga baya jiragen feshi suka shekara da shekaru suna zuba magani a kan audugar. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce bayan jirgi ya wuce sukan ga kwaɗi birjik a bakin abu ishirin, ciki sama. Yanzu ba sai jirgi ba. Manomi ya sayo kwalbarsa a kasuwa, ya fesa wa tumatir, ya sauko ya ɗauraye famfon a tur'a. Na gani da idona, taku kaɗan daga inda yara ke cika jarka. Na yi wa mutumin magana, ya ce, "Haba Ustaz, ruwa mai tafiya ne." Haka ne, amma gidajenmu yake tafiya. Kuma kwaɗin da ke mutuwa su ne masu cinye masa fara da tsutsa da dare ba ko sisi.

Na ƙare darasin da tuna musu hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo cikin magani, ya hana kashe shi. Suka sa kwaɗon a gwangwani suka kai bayan katanga inda ciyawa take. Mai karen nan ya dawo yana haki ya ce, "Ustaz, da na so in kai shi tur'a, sai na tuna famfon."