Yadda Ake Cire Kalifar Birki a Yi Mata Fenti a Gida

Kalifa ita ce ƙarfen nan da ya rungumi faifan birki a bayan wilin mota. A cikinta akwai fistan da takalman birki guda biyu. Idan direba ya taka feda, sai man birki ya tura fistan, takalman su matse faifan, mota ta tsaya. Irin wannan birki ya yi suna a 1953, lokacin da motar Jaguar mai ɗauke da shi ta ci tseren Le Mans a Faransa. Daga baya launin kalifa ya zama abin ado: an san kamfanin Brembo na Italiya da ja, Porsche kuma yana sa rawaya a birkinsa na tangaran. A motocin yau da kullum yawancin kalifa ta baƙin ƙarfe ce, don haka fenti yana kare ta daga tsatsa ban da kwalliya.

Fentin gida ko na jikin mota ba ya wannan aiki, domin faifan birki kan wuce digiri 300 a doguwar gangara, fentin ya ƙone ya ɓare. Ana bukatar fenti mai jure zafi, na feshi ko na burushi. Sauran kayan su ne jak, ƙafafun ƙarfe na tokare mota, sufana, burushin waya, samfefa, ruwan wanke birki, tef na takarda da takunkumin hanci.

Ana ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a sa wa tayoyi waigi, a bar birki ya huce. Ana sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan a ɗaga motar a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, yana iya zamewa. Bayan an cire taya, sai a kwance notoci biyu da ke bayan kalifa, a zare ta, a fitar da takalman.

Daga nan hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce a bar tiyon mai a haɗe, a rataye kalifar da waya a jikin sifirin, a yi fenti a wurin. Ba a barin ta tana lilo da tiyo, don nauyinta na iya lalata shi daga ciki. Ta biyu ita ce a kwance tiyon ɗungurungum, a toshe bakinsa. Aikin ya fi fita da kyau, amma iska za ta shiga layin mai, dole a fitar da ita daga baya. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 yana cin fenti, saboda haka duk inda ya ɗiga a jikin mota sai a wanke da ruwa nan take.

Ƙarkon fenti yana ga shiri. Ana kankare tsatsa da burushin waya, a bi da samfefa, a wanke da ruwan wanke birki har maiƙo ya fita sarai. Ƙurar birki tana cutar da huhu, ba a hure ta da baki ko da iskar famfo. Sannan a rufe fistan da robarsa, da bakin fitar da iska, da ramukan noti, da sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, da mazaunin takalma. Fenti a waɗannan wurare yana sa birki ya riƙe. Faifan ma a lulluɓe shi, kada ɗigo ya taɓa shi.

Ana shafawa sama-sama sau biyu ko uku, ana barin kowane shafi ya sha iska gwargwadon abin da aka rubuta a gwangwani. Shafi mai kauri zuba yake yi. Ranar ƙura ko ta hadari ba ta dace da aikin ba. Yawanci ana jiran awa 24 kafin a mayar.

Wajen mayarwa ana sa wa sandunan zamewa giris na birki, a ɗaure notoci da ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Idan an kwance tiyo, sai a sa sababbin zobban tagulla a mahaɗarsa, a fitar da iska: mutum ɗaya yana taka feda, ɗaya yana buɗe bakin fitarwa yana rufewa, har mai ya fito ba kumfa, ana ƙara mai a tulunsa kada ya ƙare. Kafin motar ta motsa, ana taka feda sau da yawa har ta yi tauri, a duba ko akwai yoyo, a gwada birki a hankali inda babu jama'a. Fedar da ta ci gaba da laushi alama ce ta iska ko yoyo, kuma motar ba ta hawa titi sai makanike ya duba ta.